Ƙwayoyin tushe sun ƙi kama tsaikon PCL, wa ya taɓa shiga wannan halin?

Daga Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan ina fama. Ƙwayoyin tushe na ɓargo, wato ƙwayoyin jiki da ke iya rikiɗewa su zama ƙashi ko wani sashen jiki, nake renowa a ɗakin gwaji, ina so su zama ƙashi a kan tsaikon da muke bugawa da firintar 3D daga robar PCL. Tsaiko nake ce masa don aikinsa ɗaya da na ɗaki kafin baibaya, shi ke riƙe siffa har a rufe shi. In na zuba ƙwayoyin, washegari sai in tarar sun zurare ta ramuka sun kwanta a gindin faranti, tsaikon fayau. Mutum ne ya yarda aka huda masa ƙugu aka ɗebo su, shi ya sa asararsu ke ci mini rai.

Daga Riyad:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Na sha wannan. PCL ba ta shan ruwa, ɗiga mata ki ga ya dunƙule kamar a kan ganyen gwaza, ƙwaya kuwa ba ta kama inda bai jiƙu ba. Abin da ya fisshe ni shi ne tsoma tsaikon a ruwan NaOH, wato soda mai ƙuna, in ɗauraye shi sosai, in bar shi ya kwana cikin ruwan abincin ƙwayoyin. Sannan kada ki cika ramin farantin tun farko. Ɗigo ɗaya mai kauri a kan tsaikon, ki mayar inkubeta, wato akwatin ɗumi na renon ƙwayoyin, a digiri 37 kamar awa uku, sai ki ƙara ruwa a hankali ta gefe. Gaggawar ƙara ruwan nan ce ta ci mini wata biyu.

Daga Dammam:
Malama, ki kula da zafi kuma. A wajen digiri 60 PCL ke narkewa, don haka tukunyar kashe ƙwayoyin cuta mai kai 121 ba tata ba ce. Itanol kashi 70 da hasken UV nake amfani da su. Na taɓa barin tsaikuna a mota da azahar cikin Yuli, na dawo ramukan sun lotse.

Daga Makka:
Ni da jelatin, wani abu mai danƙo da ake samu daga fatar dabba ko ƙashinta, na shafe nawa, kuma sun kama. Amma da na karanta takardar kwalbar sai na ga daga fatar alade aka yi shi. Raina bai kwanta ba, na koma na kifi. Su ƙwayoyin ba na shakka a kansu, tun 2003 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmin Duniya, a nan Makka ta halatta amfani da waɗanda aka samo ta halastacciyar hanya, kamar daga baligin da ya yarda, ko mabiyiya da cibiya da izinin iyaye.

Daga Madina:
'Yar uwa, in sun kama akwai na gaba. Nawa a kwana 21 gefuna sun yi jawur da rinin alizarin, alamar kalsiyam ya fara taruwa, har na yi hamdala. Da na yanka tsakiya, babu mai rai ko ɗaya. Iskar oksijin ba ta ratsa nama fiye da maikiron 200 (kashi ɗaya cikin biyar na milimita) ko kusa da haka in babu jijiyar jini. Sai da na buɗa ramukan suka wuce maikiron 300, na ɗora farantin a kan na'ura mai girgiza shi a hankali, sannan tsakiyar ta rayu. Ni 'yar Mai Wurno ta Sudan ce, yaƙin 2023 ya fito da mu daga Khartum, kuma na ga samarin da harsashi ya cinye wa ƙashin ƙauri. Su nake gani duk lokacin da na buɗe inkubeta.

Daga Jidda:
Allah ya saka muku da alheri. Yaya na Riyad, na bi yadda ka ce, yau kwana uku sun miƙe a kan zaren robar. Anti ta Madina, Allah ya kawo wa Sudan zaman lafiya. Kaurin tsaikonki milimita nawa ne lokacin da tsakiyar ta mutu? Nawa biyar ne.