Jiragen yaƙin Italiya, 1940 zuwa 1943: harbo su aka yi, ko da kansu suka faɗi?

Ɗalibin_Tarihi:
Salamu alaikum. Tambaya gare ni ga masana. Ana yawan cewa a Yaƙin Duniya na Biyu, jiragen saman Italiya da dama ba abokan gaba suka kakkaɓo su ba, haɗari da lalacewa ne suka cinye su. Gaskiya ce, ko farfagandar Ingila ce ta bi baki? In gaskiya ce, mene ne takamaimai yake lalacewa?

Bakanike_79:
Wa alaikumus salam. Akwai ƙamshin gaskiya, musamman a Libiya, kuma babban mai laifi yashi ne. Jiragen farko da aka kai can a 1940 ba su da matacin iska na hamada. Jirgi na gudu a filin ƙasa, farfela na tayar da ƙura, kafireta na zuƙa. Yashin ya shiga silinda ya gauraya da baƙin mai, ya zama kamar sanfefa, ya cinye ringin fistan da bakin bawul. Daga nan inji ya fara shan mai, ƙarfi ya ragu, zafi ya hau. Injin da ya kamata ya daɗe kafin garambawul sai ka ga an sauke shi tun ba a je ko'ina ba.

Da aka saka matacin kuma sai wata ta taso, domin yana shaƙe iskar da inji ke ja. Dubi Breda Ba.88. A 1937 ya kafa tarihin gudu, sama da kilomita 500 a awa. Da aka ɗora masa bindigogi da bama-bamai da matacin yashi, injinansa biyu na Piaggio suka kasa. Wani ma ko tashi bai iya yi da kaya. Kafin ƙarshen 1940 an kwashe abin amfani a jikinsu, an jera gangar jikin a filaye don a yaudari masu kai hari. Shi kuwa CANT Z.1007 katako ne da gam, zafin rana da sanyin dare suna sa shi ya kangare, haɗin ya saki.

Sai batun safaya. Komai ta teku yake zuwa, ga Malta a tsakiyar hanya. Jirgin da ke jiran taya ko famfon mai ba ya tashi, to da Ingila ta kutso daga Masar a Disamba 1940, irin waɗannan aka bari birjik a El Adem da Benina. A takarda asarar yaƙi ce, amma ba a sama aka yi ta ba.

Mai_Taswira:
Malam Bakanike ya gama da inji, bari in ɗauki ɓatan hanya. Matuƙi a lokacin da kamfas da agogo da taswira yake lissafi. Iskar gefe mai gudun kilomita 50 a awa, in ba a lura da ita ba, cikin awa biyu ta kautar da kai kilomita 100. Da rana ka ga gaɓar teku ka gyara. Da dare, teku baƙi, hamada baƙa, ga garuruwa an kashe fitilu.

Abin da ya sami wani jirgin Italiya mai jefa bam, samfurin SM.79 mai lamba MM.23881, ke nan. Ya tashi daga Berka a Bengazi da yammacin 21 ga Afrilu 1941 don kai wa jiragen ruwa hari wajen tsibirin Kirit, bai dawo ba. Kowa ya ɗauka teku ta ci shi. Sai a 1960 masu binciken man fetur suka tarar da ƙasusuwan ɗaya daga cikin mutanen jirgin, Giovanni Romanini, da kamfas da gorar ruwa a gefensa, kilomita 8 kacal daga hanyar Jalo zuwa Jagbub. Bayan 'yan watanni aka ga jirgin, sama da kilomita 400 daga Bengazi, cikin hamada. Sun tsallake gaɓa cikin duhu ba su sani ba, suka yi ta nausawa har mai ya ƙare. Romanini ya yi tafiyar kusan kilomita 90 a ƙasa neman taimako.

A Beljiyam ma haka, inda Italiya ta girke jiragenta don kai wa Ingila hari, sai dai hazo ne a madadin yashi. Harin farko da suka kai Ingila a daren 24 ga Oktoba 1940, jiragen bam Fiat BR.20 uku suka rasa ba wanda ya harbe su: ɗaya ya faɗi wajen tashi, biyu suka ɓata a dawowa mutanen ciki suka diro da laima. Su kuma CR.42 masu rakiya, wurin matuƙi a buɗe yake cikin wannan sanyi, akasarinsu ko rediyo babu.

Abu_Igwa:
'Yan'uwa, a yi hattara kada a wuce gona da iri. Harsashi ma ya yi ɓarna sosai. Ranar 11 ga Nuwamba 1940 wajen Harwich a gaɓar Ingila, jiragen Hurricane na Ingila suka kakkaɓo BR.20 uku. Dalili a fili yake: CR.42 da ke musu rakiya mai fiffike biyu ne, bindigoginsa biyu, Hurricane na da takwas kuma ya fi shi gudu nesa ba kusa ba. Na yarda dai, CR.42 ɗin da ya sauka a gaɓar Orford Ness ranar, bututun baƙin mai ne ya fashe masa. Shi ne wanda ke gidan tarihin sojin saman Ingila (RAF) a Hendon.

Masu harba tofido, wato bam mai gudu cikin ruwa, su suka fi shan wuta. Dole jirgi ya sauko ƙasa-ƙasa da ruwa, ya miƙe sak ba kauce-kauce, ya matso kusan kilomita ɗaya da jirgin ruwa kafin ya saki. Daƙiƙun nan kowace bindiga shi take kallo. A 27 ga Satumba 1941 sun sami jirgin ruwan yaƙin Ingila mai suna Nelson, amma kwamandan runduna ta 36, Kanar Helmuth Seidl, bai dawo ba. Kada kuma a manta da 'yan SAS, sojojin Ingila na musamman: a Disamba 1941 sun shiga filin Ajdabiya da dare suka ƙone jirage 37 a ajiye.

Ɗalibin_Tarihi:
Na gode, Allah ya ƙara sani. To shi Italo Balbo, gwamnan Italiya a Libiya, fa? Wasu sun ce Mussolini ne ya sa aka kashe shi.

Abu_Igwa:
Zance ne ya yi yawo don an san ba sa ga maciji kan ƙawance da Jamus, amma yadda abin ya faru bai buƙaci makirci ba. Ranar 28 ga Yuni 1940 jiragen Blenheim na Ingila sun gama ruwan bama-bamai a filin Tobruk ke nan, hayaƙi bai lafa ba, sai ga SM.79 biyu sun sauko ƙasa-ƙasa. Masu bindigar Italiya a tudu da na jirgin ruwansu San Giorgio hannunsu na kan kunama, ba wanda ya sanar da su. Na Balbo ya kama da wuta, ba wanda ya fita.

Rashin gane juna ciwo ne da ya dame su a watannin nan. Kwana 11 bayan haka, a gumurzun Punta Stilo, jiragen saman Italiya suka yi ta jefa wa jiragen ruwan ƙasarsu bam. Daga nan ne aka fara zana ratsin ja da fari a goshin jiragen ruwan, don na sama ya gane nasa.