Zuwa Karatun Dalai Lama: Neman Ilimi Ne Ko Wasa Da Imani?

Bazazzagi: Assalamu alaikum 'yan'uwa ɗaliban Indiya. Tunda labarin tafiyata Dharamsala, garin nan na arewacin Indiya, ya riga ni isowa nan, gara ku ji daga bakina. Eh, na je, na zauna karatun Dalai Lama, jagoran addinin Buddha na mutanen Tibet. Motar dare na hau daga Majnu ka Tilla a Delhi, sai da gari ya waye muka hau dutsen McLeod Ganj da ke saman Dharamsala. Da fasfo da hoto ake rajista, ba a shiga da waya. Da harshen Tibet yake magana, mu baƙi kowa da 'yar rediyonsa a kunne yana kama fassara. Abin da na ce, kuma ban janye ba: karatunsa kan tausayi da kwanciyar hankali ilimin sarrafa zuciya ne, kowa na iya ɗauka ya bar musu addininsu.

Malam na Aligarh: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin mu je ga abin da aka faɗa, a ina aka faɗe shi? Tsuglagkhang, inda yake ba da karatun, ɗakin bauta ne, akwai gunkin Buddha a ciki. Idan mutumin ya hau karaga, jama'a faɗuwa suke yi ƙasa sau uku. Ba ganin malami kawai suke masa ba. A wurinsu shi ne Chenrezig, wanda suke ɗauka tausayi ne da kansa ya shigo jikin mutum. An haife shi a 1935, yana ɗan shekara biyu aka ce shi ne Dalai Lama na 13 da ya mutu a 1933 ya sake dawowa. Kujerar da yake magana a kai, wannan aƙidar ce ta kafa ta.

Bazazzagi: Duk haka ne, Malam. Ni dai ban rusuna ba, kuma ba wanda ya harare ni. Shayinsu mai man shanu da gishiri ne kaɗai ya kusa kore ni.

'Yar Katsina: Yaya, bar batun shayi. Me ya faɗa da ba ka taɓa ji a gida ba?

Bazazzagi: Ya ɗauko maganar wani malaminsu na tsohuwar makarantar Nalanda ta Indiya, Shantideva, na ƙarni na 8. Ma'anarta: matsala in tana da magani, damuwar me? In ba ta da shi, damuwa me za ta ƙara? Sai ya ce maƙiyinka ne babban malaminka na haƙuri, domin masoyi ba ya ba ka damar gwada haƙurinka. Abin da ya kama ni shi ne yadda yake fede fushi gaɓa-gaɓa: daga ina ya taso, wane tunani ke hura shi, a wane mataki ake iya tare shi. Mu a gida "yi haƙuri" ake ce maka, a bar ka da wutarka a ciki.

Malam na Aligarh: A nan ka yi wa gida rashin adalci. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kwanta. Ya koyar da neman tsari daga Shaiɗan a lokacin. Imam Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya yi wa fushi da hassada da girman kai irin wannan fiɗar da kake yabo. Aya ta 28 a Suratur Ra'ad ta gaya mana da me zukata ke natsuwa. Rijiya na tsakar gidanku, ka tafi Himalaya da guga.

'Yar Katsina: Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma rijiyar nan a rufe take wa yawancinmu. Mu nawa aka zaunar aka karantar da mu Ghazali? Ni aikin jinya nake karanta. Na ga majinyata da dama masu sallah da azumi waɗanda damuwa ta hana barci. Ba na cewa a je Dharamsala, cewa nake tambayar Yaya tana da tushe.

Ɗan Damagaram: Ni tawa dabam ce. Tausayin da ake ta kira, ina yake a 2017, lokacin da Musulmin Rohingya sama da 700,000 suka tsere daga Myanmar zuwa Bangaladash? Ba limaman Buddha irin su Wirathu ne suka yi ta zuga mutane ba?

Bazazzagi: Ɗan'uwa, wannan kam ba a wuyansa take ba. Mabiya Buddha na Myanmar 'yan Theravada ne, wani reshe dabam na addinin, ba ya shugabantarsu, kamar yadda limamin Kano ba ya ba da umarni a Tehran. Kuma a shekarar ya fito ya ce da Buddha na nan da ya taimaki Musulmin nan, ya kuma yi kira ga Aung San Suu Kyi, jagorar gwamnatin Myanmar a lokacin, ta warware rikicin cikin lumana. Shi kansa ɗan gudun hijira ne daga Tibet tun Maris na 1959. A Lhasa, babban birnin Tibet, ma akwai Musulmi, ana ce musu Khache, Dalai Lama na 5 ne ya ba su filin masallaci da maƙabarta a ƙarni na 17.

Ɗan Damagaram: To, ban san ta Lhasa ba. Na karɓa. Amma magana ba ta mayar da kowa gida ba.

Babbar Yaya: Ku tsaya, an fara kauce hanya. Ba kirkin mutumin ake musu a kai ba. Ƙanena, ka amsa mini wannan: a ƙarshen karatun me aka yi?

Bazazzagi: An ɗauki alkawari, Yaya. Ya faɗa suna maimaitawa, na neman mafaka ga Buddha da koyarwarsa da jama'arsa. Ni na cire rediyo na yi shiru. Kuma shi da kansa yakan ce mutum ya zauna a addinin da ya tashi a ciki, ya fi masa.

Malam na Aligarh: Ka ga inda nake jiran ka. Karatun da ya ƙare da neman mafaka ga wanin Allah, farkonsa hanya ce zuwa ƙarshensa. Haƙurin da Shantideva ke koyarwa an gina shi kan cewa babu Mahalicci, kuma "ni" ɗin da aka zaga ba wani abu ne tabbatacce ba. Namu an gina shi kan ƙaddara da lada. Ganyen ya yi kama, saiwar ba ɗaya ba.

'Yar Katsina: Amma Malam, ba ga Biruni, masanin nan Musulmi, ba? A ƙarni na 11 ya koyi Sanskrit, ya zauna da malaman Hindu, ya rubuta aƙidunsu dalla-dalla. Ai hikima ɓatacciyar mumini ce.

Malam na Aligarh: Hadisin nan, ƙanwata, malamai sun raunana shi, ko da ma'anarsa na da daɗi. Biruni kuwa ya je ne da ilimi ya cika masa ciki, don ya rubuta. Bazazzagi, tsakaninka da Allah, rubutu ya kai ka ko zuciyarka ce ba ta zauna ba?

Bazazzagi: Zuciyata ce, Malam. Tun rasuwar mahaifinmu ina nan, ban samu jana'iza ba, abu kaɗan sai in hau mutane da faɗa.

Babbar Yaya: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Wata nawa muna tare a nan ba wanda ya tambaye ka.

Malam na Aligarh: Amin. Wannan laifin har da ni. Ban sauya ra'ayi kan zuwan ba, ba zan ce wa kowa ya je ba. Amma ranar Lahadi bayan isha'i zan buɗe babin fushi na Ghazali ta waya, duk mai so ya shigo.

Bazazzagi: Zan shigo, in sha Allah. Sai dai littafin da na yi rubutu a can zan zo da shi, mu jera su gaɓa da gaɓa. In na ga wadda babu a wajen Ghazali, zan faɗa.

Ɗan Damagaram: Ƙarfe nawa agogon Indiya? Ni ina da aikin dare.