Nod ɗina na Bitcoin ba ya karɓar kowa daga waje, rauta ce ko layin?

ɗan_Samaru:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu ilimin netwok ku kawo ɗauki, kaina ya kulle wallahi. Wata biyu kenan da na haɗa Bitcoin Core, manhajar da ke mayar da kwamfuta nod mai tantance hada-hadar Bitcoin, a wata tsohuwar laftof ɗina nan Samaru ta Zariya, na sa mata SSD mai 1TB, bulok ɗin ma, wato kundin hada-hadar Bitcoin, kwafo su na yi a wajen wani abokina a Kongo don in na ce zan sauke sama da 600GB da datata ai sai na sayar da mashin ɗina. Komai na tafiya lafiya, amma duk sanda na buga getnetworkinfo sai in ga connections_out (nod ɗin da nawa ya fita ya haɗu da su) 10, connections_in (masu shigowa wajena) kuwa 0, kullum sifili. Na shiga rauta ta 192.168.8.1 na buɗe fot 8333, ƙofar da sauran nod ke shigowa ta nan, zuwa laftof ɗin, na kashe na kunna ya fi sau goma, na duba a Bitnodes, shafin gwada ko ana iya samun nod daga waje, ya ce ba ya ganina. Rautar irin mai sim ɗin nan ce ta 4G. Me na rasa ne?

Malam_Kwangila:
Wa'alaikassalam. Fara duba abu mai sauƙi tukuna. Duk sanda aka ɗauke wuta rauta ta mutu ta dawo, tana iya ba laftof ɗinka wani adireshi daban, jiya kana 192.168.8.105 yau ka koma .102, shi kuma fot ɗin yana can yana jiran tsohon adireshi. Shiga setin DHCP, inda rauta ke raba adireshi, ka ɗaure adireshi ɗaya da lambar MAC ta laftof ɗin, wato lambar shaidar katin netwok ɗinta. Sannan in Windows kake kai ka leƙa fayawol, mai gadin shige da fice na kwamfutar, ko ta bar 8333 na TCP ya shigo.

ɗan_Samaru:
Na gode Malam. Na ɗaure adireshin yanzu, fayawol ma kashe ta na yi gaba ɗaya don gwaji, har yanzu shiru kake ji.

injiniya_PZ:
Ƙanina mayar da fayawol ɗinka tukuna, kar garin neman gira a rasa ido. Ni tun da ka ce rauta mai sim ce na gane inda gizo ke saƙar. Shiga shafin rautar ka nemo inda aka rubuta WAN IP, wato adireshin da kamfanin layin ya ba rautar, sai ka buɗe burauza ka tambayi Google adireshin da duniya ke ganinka da shi. In biyun ba su zo ɗaya ba, musamman in na rautar ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127 ko ya fara da 10, to kana bayan CGNAT ne, wato kamfanin layin ya tara ku da yawa a adireshi ɗaya saboda adireshin IPv4 ya yi ƙaranci a duniya. Kamar gidan haya ne, ka buɗe ƙofar ɗakinka wangame amma ƙofar zaure na hannun mai gida kuma a kulle take, baƙo ta ina zai shigo? Kai kana iya fita ka dawo, shi ya sa haɗin nan 10 naka masu fita ke aiki. Ko ka kwana kana danne-danne a rauta ba abin da zai canza, kuma kar wani ya ce maka kunna UPnP, tsarin nan mai buɗe fot da kansa, an ma cire shi daga Bitcoin Core tun siga ta 29.

Mafita mafi arha ita ce Tor, netwok ɗin nan mai ɓoye adireshi. Ka sa Tor ɗin kansa a laftof, ba burauzar ba, ka buɗe ControlPort 9051 a torrc, fayil ɗin setin Tor, a bitcoin.conf kuma, fayil ɗin setin Bitcoin Core, ka rubuta onion=127.0.0.1:9050 da listen=1. Nod ɗin da kansa zai ƙirƙiri adireshin .onion, masu shigowa su same ka ta nan, ba ruwanka da fot ko mai gida. Sai dai ka yi haƙuri, ba a ranar ake fara shigowa ba. Akwai kuma hayar ƙaramar saba a waje ka ja rami zuwa gare ta da WireGuard, wata manhajar VPN, amma wannan biyan dala ne duk wata, ni ban ga dalili ba ga mai nod ɗaya a ɗaki.

'yar_Gyallesu:
Ni tambayata ma daban ce, yaya me kake nema da masu shigowar ne? Nod ɗinka da 10 ɗin nan yana tantance kowane bulok da kowace hada-hada daidai da na kowa, walat ɗinka ba ta rasa komai ba. Masu shigowa taimakon netwok ne kawai, kuma ranar da wani sabon nod ya maƙale maka yana jan tsofaffin bulok zaka ga datar wata ta ƙare kafin Juma'a 😂 In ka dage sai ka buɗe, sa maxuploadtarget=500 a bitcoin.conf ya taƙaita abin da kake turawa zuwa kusan 500MB a rana. Kuma ka sayi ƙaramin UPS, batirin ko-ta-kwana, na 12V na rauta a Sabon Gari, don laftof na da batir amma rautar ba ta da shi.

ɗan_Samaru:
Oga injiniya ka canka, WAN ɗin 100.72 ya fara, na Google kuma wani abu ne daban kwata-kwata. Sati uku ina zagin rautar banza ashe baiwar Allah ba ta da laifi. Zan gwada Tor da daddare in wuta ta tsaya. Hajiya maganar data ta shige ni, zan sa iyakar kafin komai. UPS ɗin nan awa nawa yake riƙe rauta, kuma ta wane layi ake samunsa a kasuwar?