Kan da nake zanawa kullum karkacewa yake, a taimaka da shawara

Autan Mama: Salamu alaikum 'yan uwa. Shekarata biyu ina zane da fensir. In fuska tana kallona gaba da gaba ba laifi, amma da zarar mutum ya ɗan juya kai, sai ido ɗaya ya gudu, kunne ya dawo kan kunci. Jiki kuwa kamar an shanya riga a igiya. Me zan karanta, ko wa zan kalla?

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam. Nemi littattafan koyon zane na Andrew Loomis, magana ta ƙare.

Mai Gawayi: Ƙanena, saurara kafin ka ɓata shekarun da na ɓata. Shekara huɗu ina aiki da gidan dara: in ja layuka a kan hoto, in ja a kan kwali, in kwashe gida-gida. Ana yabo, ina karɓar kuɗin hotunan biki. Ran nan wata baiwar Allah ta kawo fasfon mahaifinta marigayi, ya koɗe, kansa a ɗan sunkuye, ta ce in ɗago fuskar in cire hular. Kwana tara ina fama. Ban san inda ƙeya take ba, ban san tsayin goshi a ƙarƙashin hula ba, don ban taɓa gina kai ba, kwafa kawai nake yi. Na mayar mata da kuɗinta, ta fita tana share hawaye. Har yau abin yana cina.

Bayan nan ne na zauna da Drawing the Head and Hands na Andrew Loomis, wanda ya fito a 1956. Ƙwallo za ka fara zanawa, ka sare gefensa biyu kamar lemo, don kai ba zagaye yake ta wajen kunne ba. Sai ka ɗaura masa layin gira da layin tsakiyar fuska, su ne za su gaya maka inda kan ya juya. Daga matsirar gashi zuwa gira, gira zuwa ƙasan hanci, ƙasan hanci zuwa haɓa, kashi uku ne daidai. Kunne yana zama tsakanin layin gira da na hanci. Yi kai ashirin kullum, kada ka sa ido ko baki sai ka yi mako biyu.

'Yar Katsina: Allah Sarki. Allah ya jiƙan bawan Allahn nan. Auta, ka kuma riƙe cewa ido a tsakiyar kai yake, ba can sama ba. Mu duka mun yi wannan kuskuren, muna cinye rabin ƙoƙon kai.

Bakano: Loomis fuskokin Turawan Amurka na zamaninsa ya zana. Ka bi shi ido rufe, ka zana kawunka ya fito da siririn hanci da leɓe kamar zare. Ɗauki ginin, awon kuma ka auna a fuskar mutanenmu.

Ɗan Zazzau: Yau Bakano ya faɗi gaskiya kyauta, bai nemi riba ba. A rubuta ranar.

Bakano: Don kuna da sashen zane a ABU kuke ganin kowane Bazazzagi gwani ne. Turo aikinka mu gani.

Baban Hanif: Wai ya hukuncin zana mai rai ma tukuna?

Shugaban Zaure: Malam, wannan ka kai wa malamai, mun sha faɗa ba a nan ake yanke ta ba. A koma kan tambayar yaro.

'Yar Katsina: Batun jiki da aka manta. Tsayin mutum yawanci kai bakwai da rabi ne, kai takwas da ke cikin littafin Loomis na zanen jiki na 1943 don ƙawa ne. Matsalarmu a nan babbar riga da hijabi suna ɓoye komai, sai mu zana yadi ba mutum a ciki. Fara da akwatin ƙirji da na ƙugu da layin gadon baya, daga baya ka tufatar da shi. Ni ƙannena nake zanawa suna ƙwallo a ƙofar gida, minti ɗaya kowane, da biro don kada in goge.

Ɗan Zazzau: George Bridgman ya fi kowa a wannan, Constructive Anatomy, 1920.

Mai Gawayi: Bridgman zai rikita mai shekara biyu, layukansa a cakuɗe suke. Ya kalli Proko, mai koyar da zane a YouTube, tukuna, ya warware hanyar Loomis dalla-dalla, ko Turancin bai zauna ba hannunsa kawai za ka bi.

Bakano: Sai dai data. Sauke da daddare.

Autan Mama: Na gode ƙwarai, Yaya Mai Gawayi. Na gwada guda shida yanzu, amma in kan ya kalli sama muƙamuƙin ɓace mini yake.

Baban Hanif: Wa ya san inda ake samun fensirin 8B na gaske a Kaduna? Wanda na saya jiya karyewa yake tun a wajen fiƙa.