Yaya Sinawa suka kai wasan opera ɗinsu gaban Turawa har ya karɓu?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum malamai. Opera ta Beijing waƙa ce da siririyar murya, ga fentin fuska, ga kiɗan ƙarfe mai cika kunne. Wace dabara aka yi har Bature ya zauna ya kalla? Ƙungiyarmu ta wasan daɓe na son nuna wa ɗalibai bidiyonta a nan Kaduna, muna gudun kada su watse tun ba a yi nisa ba.

Malamin Dirama, Kawo:
Wa alaikumus salam. Ku bi sawun Mei Lanfang, wanda ya kai tawagarsa Amurka a 1930, sannan Mosko a 1935. Namiji ne da ya shahara wajen fitowa a mace. A Amurka bai ɗora musu dogon wasa guda ba. Gajerun yankuna aka tsinto, aka fifita masu rawa da wasan takobi, kuma kafin kowane yanki sai wata mata ta fito ta faɗi labarin da Turanci. Ku ma ku yi haka: bayani da Hausa na minti uku, sannan yankin da bai wuce minti 20 ba. Ku fara da wasan da ake kira Sanchakou. Mutum biyu ne ke faɗa a ɗaki mai duhu, alhali fitilun dandali a kunne suke tar, suna lalube, takobi na wucewa gab da hanci. Kusan babu magana, don haka ba ruwanku da fassara.

Hajiya Mai Alli, Barnawa:
Malam ya yi gaskiya, amma inda aka fi yin ɓatan kai shi ne alamomi. Yawanci tebur ɗaya ne da kujeru biyu a dandalin. Wanda ya riƙe bulala mai tuntaye, a kan doki yake. In ya zagaya dandali, doguwar tafiya ya yi. Jan fenti a fuska amana ce da jarumta, baƙi tsayuwa kan gaskiya, fari kuwa makirci. Ba a faɗa wa yaro wannan ba, dariya zai yi ta yi a wurin da ake kuka. A rubuta su a allo tukuna.

Makaɗin Unguwar Rimi:
Hajiya, ni tsorona kada a yi ta nuna tsalle-tsalle a bar waƙar. Tsofaffin Beijing "sauraron" wasa suke cewa, ba kallo ba. Bayan faɗan, a saka waƙa ɗaya, a ce su bi jinghu da kunne: tsirkiya biyu gare ta, dangin goge ce, tana bin muryar mawaƙi sawu da ƙafa. Fassara kada ta wuce layi biyu, in ba haka ba ido zai bar hannun ɗan wasa ya koma karatu. Sannan a rage kaifin lasifika, domin farantan tagullar da makaɗa ke bugawa a rufaffen ɗaki suna danne murya. Ku gwada sautin ana gobe, da janareta a kunne.