Sitaj na wata 3 ba ko dala: in karɓa ko in koma shago?

Ɗan Tibiri: Assalamu alaikum yayyena. Na gama lisans a fannin noma a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, na yi sutnans (kare kundin ƙarshen karatu), sitaj (koyon aiki) na dole ma na yi shi tuni. Yanzu wata ONG da ke aikin iri da manoma ta ce in zo wata 3, amma babu ko kuɗin mota, atestasiyo (takardar shaida) kawai. Ni a Tibiri nake, biro ɗin nasu yana unguwar Ali Ɗan Sofo cikin Maraɗi. Kawuna kuma yana so in riƙe masa shagon taki da iri a kasuwa kafin damina, zai riƙa ba ni jaka 30 a wata. Waɗanda suka taɓa yi, ku faɗa mini gaskiya: takardar nan tana buɗe ƙofa?

Malamin lakwal: Wa alaikumus salam. Ka je mana, in ba ka yi sitaj ba da me za ka rubuta rahotonka?

Ɗan Tibiri: Malam, ai na ce na riga na yi wancan.

Ɗiyar Bagalam: Ƙanena, ni na taɓa wutar nan. Bayan na gama karatun lissafin kuɗi wani kamfani ya ɗauke ni da sunan wata 3. Aka ce in ƙara, shugaba yana Yamai, in ya dawo za a duba. Na ƙara. Ni ce mai buɗe biro da safe, ni ce fotokofi, ni ce a aika banki cikin rana tsaka. Da mai riƙe da akwatin kuɗi ta tafi hutun haihuwa, kujerarta na zauna, na rufe lissafin ƙarshen wata ba a sami kuskuren dala ba. Inna ƙosai take soyawa, daga cikin robar cinikinta take ƙirgo mini kuɗin kabu-kabu kowace safiya, tana cewa in yi haƙuri, mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ranar da gurbi ya fito, ɗiyar abokin shugaba aka kawo, kuma ni aka ce in nuna mata aikin. Atestasiyo ɗin ma sai da na yi ta sintiri, da ta fito wata 3 kawai aka rubuta. Har yau in na bi ta ƙofar nan sai na kau da kai.

Maman ƴan biyu: Allah ya isar miki. Hakkin gumi ba ya faɗuwa ƙasa.

Mai kabu-kabu: Ku bar batun takarda, ku yi lissafi. Tibiri zuwa cikin gari, zuwa da dawowa da ɗan abincin rana, jaka guda ba ta kai ka.

Ɗan Zariya 2: Haba, wace jaka? Dala ɗari ta isa in adaidaita ya shiga.

Mai kabu-kabu: Dala ɗarin zuwa ce ko har da dawowa? Ni nake shan mai, ka tambaye ni.

Tsohon ma'aikacin gona: Ɗana, noma ba lissafin biro ba ne, kada labarin ƴar uwarka ya rufe maka ido. Abin tambaya shi ne: ƙauye za su kai ka ko kujera za su ba ka? In za ka bi su gonakin Jiratawa, ka ga yadda ake gwajin gero da wake irin wanda ake yi a tashar binciken noma ta Tarna, ka koyi sassaben zamani a bakin manoman da suka raya gawo cikin gonakinsu, wannan ilimi ne da ba a sayarwa. Amma kar ka fara sai an rubuta yarjejeniya: ranar farawa, ranar gamawa, sunan wanda zai kula da kai. Ka kuma roƙi kuɗin mota da bakinka, ba abin kunya ba ne.

Ɗiyar Bagalam: Baba, da girmanka, ku a zamaninku ana gama karatu gwamnati ke ɗauka. Shawarar wanda ya ci fansho daban, ta wanda ke yawo da takardu a jakar leda daban.

Tsohon ma'aikacin gona: Ɗiyata, ƴan sitaj nawa suka bi ta hannuna? Waɗanda suka shiga gona, yau su ake nema.

Ɗan Zariya 2: Ni dai sitaj ɗina ya yi amfani, yanzu duk fadarmu babu mai kumfar shayi kamar tawa 😂

Maman ƴan biyu: Kai kullum wasa. Jaka 30 ɗin kawun ma ba ta kai mafi ƙanƙantar albashi ba, tun 2024 an mai da shi jaka 42.

Malamin lakwal: Abin da ke ci mini rai shi ne tallan aiki. Kowane ka duba, gogewar shekara 2, wani 5. Yaro ya yi kati a ANPE, hukumar masu neman aiki, ya yi bautar ƙasa shekara 2, sannan a ce masa sitaj ba ya cikin lissafin gogewa. To daga ina zai samo ta?

Ɗiyar Bagalam: Wani tallan ma an riga an san mai shi kafin a liƙa. Kai dai ka kashe kuɗin tambur da na takardar kotu, ko kira ba za a yi maka ba.

Ɗan Tibiri: To Baba, in na nemi a rubuta suka ƙi fa? Litinin suka ce in ba da amsa.

Mai kabu-kabu: Wai tambur ɗin nawa ne yanzu? Ƙanena zai haɗa takardunsa jibi.