Ruwa garau kamar na gora, amma kifi na mutuwa

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kiwon kifin ado. Ni dai abin ya ishe ni. Wata biyu ke nan da na sayi akwatin gilashi mai cin lita 60, na zuba kifin gwal shida, na haɗa injin tace ruwa mai soso. Ba na wasa da tsafta. Duk Juma'a kafin masallaci nakan kwashe kifin a roba, in zubar da ruwan kaf, in wanke tsakuwar, in murje soson a bakin famfo har ya koma sabo fil. Ruwa garau, kai ka ce na sha ne. Amma huɗu sun mutu, biyun da suka rage kuma suna can sama suna haki. 'Yata ta daina leƙa wajen. Wanda ya taɓa shiga wannan hali ya taimaka.

Malamin kimiyya, Gusau:
Wa'alaikumus salam. Malam, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa: tsaftar ce ke kashe su. Ni ma sai da na binne takwas a tukunyar fulawa kafin na gane, ga shi kuwa abin da nake koyarwa ne a aji.

Soson nan ba rariya ba ce kawai, gida ne. Kifi yana fitar da amoniya ta kashinsa da kuma ta kunnuwansa, wato inda yake shaƙar iska a cikin ruwa, ita kuwa guba ce da ba ta da launi, ido ba ya ganinta. Akwai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a jikin soso da tsakuwa, su ne ke mayar da amoniya naitirait, wadda ita ma guba ce, don tana hana jinin kifi ɗaukar iska. Sai wasu su mayar da naitirait ɗin naitiret, mai sauƙin illa, wadda canjin ruwa ke ragewa. Kafin waɗannan halittu su yi yawan da za su riƙe akwati sukan ɗauki mako 4 zuwa 6. Kai kuwa duk mako kana yi musu wankan gawa da ruwan famfo mai kulorin, wanda don kashe irinsu aka zuba shi. Ke nan kullum akwatinka sabo ne.

Daga yau kada ka sake fitar da kifin. Ɗebi kwata ɗin ruwan kawai, ka matse soson sau biyu ko uku a cikin wannan tsohon ruwan da ka ɗiba, ka mayar da shi da launinsa na ƙasa-ƙasa. Tun da suna haki, ka riƙa wannan canjin kullum na 'yan kwanaki, ka kuma rage abinci sosai. Kifi mai lafiya ba ya mutuwa don ya yi kwana biyu bai ci ba.

Sannan shida a lita 60 sun yi yawa. Kifin gwal mugun ci gare shi, kashinsa kuma daidai cinsa.

Uwar gida, Jega:
Malam ya faɗi gaskiya, amma ni ba wanki ne ya cuce ni ba, zafi ne da wuta. Akwatina ya shekara lafiya lau. A watan Afrilu muka je biki Kamba, kwana biyu, ashe tun fitarmu aka ɗauke wuta. Kun san Kebbi a bazara, zafi ya haura digiri 40, ɗaki a rufe. Da muka dawo, wuta ta dawo da daddare, injin ya tashi ya kwararo ruwan da ya kwana a cikinsa. Wallahi wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Kafin safiya na rasa rabi. Daga baya na fahimci su ma halittun cikin soson iska suke shaƙa, in ruwa ya daina gudana na dogon lokaci sai su mutu su ruɓe.

Yanzu in wuta ta jima ba ta zo ba, cire soson nake yi in jefa shi cikin akwatin, in zubar da ruwan da ya tsaya a injin. Na sayi ƙaramin famfon iska da ke aiki da cajar waya ta tafi-da-gidanka. In ita ma ta mutu, kofi nake ba yaran, suna ɗiba suna kwararowa daga sama bi da bi. Su a wajensu wasa ne.

Malamin kimiyya, Gusau:
Hajiya, kin taɓo inda ke ciwo. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe iskar oksijin wajen miligiram 9 a lita, a digiri 30 kuwa bai fi 7 da rabi ba, alhali a zafi ne kifi ya fi buƙatarta. Gubar amoniya ma zafi na ƙara mata ƙarfi. Kifin gwal asalinsa na ruwan sanyi ne, daga Sin aka fara kiwonsa. Gupi da moli, wasu ƙananan kifayen ado, sun fi jure mana zafi.

Dattijo, Argungu:
Ku yaran zamani da injina! Ni ban yi boko ba, amma na tashi a bakin Matan Fada. Masunci bai duba hasken ruwa, kifi yake dubawa. In ka ga sun taso sama da asuba suna buɗe baki, ruwan ya gaji, ko da shina ƙyalli. Jikana ya aje kurungu guda biyu da 'yan ƙananan gargaza cikin gilashi, na ce mai ya ɗebo kainuwa ya aza bisa. Ya yi dariya. Yanzu saiwarta ta sauka kamar gemu, ƙananan suna ɓuya ciki, gansakuka ta ragu. Kainuwa dashen Allah, abin da kifi ya zubar shi take ci. Sai dai ku wanke ta sosai kafin ku sa, tana zuwa da matsattsaku da ƙwan dodon koɗi, kuma kada ku bari ta rufe fuskar ruwan duka.

Ɗalibi, Aliero:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ni ma haka nake, ba ni da injin kwata-kwata a ɗakin makaranta. Gupi biyar a lita 40, tsiro da yawa, canjin bokiti ɗaya duk mako. Wata tara ba asara. Don haka ni ban yarda injin dole ne ba.

Uwar gida, Jega:
Ƙanena, gupi biyar ai ba kaya ba ne. Bari su haihu, ka dawo mu yi magana.

Mai shagon magani, Yauri:
Ba wanda ya yi maganar inda ruwan ya fito, nan ne nawa ya same ni. Famfo ya ɗauke, na saya wajen 'yan ga-ruwa, ya zo ja-ja-ja. Uwar gidana ta jefa alif kamar yadda ake yi wa na randa, ya kwanta tas, na zuba. Cikin awa guda kifin suka fara zabura suna gogar tsakuwa. Alif yana sa ruwa ya yi tsami, kifi kuwa ba ya son canjin farat ɗaya. Na kuma rasa sanin abin da jarkar ta taɓa ɗauka kafin ruwa.

Ruwan burtsatse ba kulorin, amma yana fitowa da ƙarancin iska, wani kuma in ya kwana sai ka ga jan tsatsa a gindin bokiti. Na famfo kuma a bar shi a buɗe ya kwana ya wuni, ko a ɗiga maganin kashe kulorin, shi ya fi tabbas. Duk wanda za ku zuba, ya kwana a ɗakin da akwatin yake don zafinsu ya zo ɗaya. Na tankin saman kwano da azahar, ko kai ba ka iya wanka da shi. Bokitin kuma a ware, kada omo ya taɓa shi.

Tela, Talata Mafara:
Nawa gajere ne. Damina, sauro ya dame mu, na fesa magani na rufe ƙofa, famfon iska na aiki. Ashe iskar ɗakin yake zuƙa yana hura musu. Da safe babu ko ɗaya mai motsi. Yanzu kashe famfon nake yi, in rufe akwatin da jiƙaƙƙen zane, ko in haƙura da gidan sauro.

Mai tambaya, Birnin Kebbi:
Na dawo bayan mako uku, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ɗaya ya sake mutuwa a kwana na biyu, ina ga dama ya riga ya jigata. Ɗayan yana nan, ya sauko ƙasa yana tonon tsakuwa. A mako na biyu ruwan ya yi fari-fari kamar an ɗiga madara, hannuna har ƙaiƙayi yake in zubar, na daure, bayan kwana huɗu ya washe da kansa. Na sa an kawo mini kayan gwajin ruwa daga Sakkwato: amoniya sifili, naitirait saura kaɗan. Soson dai ya yi baƙi, kullum uwar gida sai ta harare shi.

Baba na Argungu, zan shigo ranar Asabar. Ko jikan naka zai rage mini kainuwa?

Dattijo, Argungu:
Taho da bokiti, ɗana. Ta yi muna yawa, har awaki muke ba.